Rendar bidiyon sujada tana cinye mana dare: ina mafita?

Bitrus_SabonTasha

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ni ne nake kula da ɗaukar bidiyo da tacewa a ikilisiyarmu da ke Sabon Tasha, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni cikin wannan hidima. Sujadarmu ta Lahadi takan kai awa 3 idan aka haɗa yabo, waƙoƙin zumuntar mata, sanarwa, baiko da wa'azi. Muna ɗauka da kyamara ɗaya daga bayan majami'a tana fuskantar bagadi, da kuma waya a gefe tana fuskantar mawaƙa, sauti kuwa daga miksa muke ɗaukarsa. Ina tacewa da manhajar Premiere Pro ta kamfanin Adobe a kan laftof na hannu mai firosesa Core i5 ƙarni na 8, da ram giga 8, da tsohon faifan ajiya mai juyawa.

Tacewar kanta ana iya jurewa. Matsalar ita ce renda, wato fitar da kammalallen fayil ɗin bidiyo bayan an gama tacewa: idan na sa ta da yammacin Lahadi, sai wayewar gari take gamawa, wannan ma idan ba a ɗauke wuta a tsakiya ba. Tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda suka yi tafiya suna fara tambaya tun daren Lahadin, kwamitin kuɗi kuma ya ce babu halin sayen sabuwar kwamfuta a bana. Me zan iya sauyawa ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba?

Injiniya_Kakuri

Ɗan'uwa Bitrus, kafin kowa ya ce maka ka sayi wani abu, akwai tambayoyin da amsarsu za ta nuna inda lokacin yake tafiya. Da wane girma kyamarar take ɗauka, da wane girma wayar take ɗauka, kuma hoto nawa kowannensu yake ɗauka a daƙiƙa? Da wane girma ka buɗe layin tacewa, wato inda ake jera bidiyon a cikin manhajar? Wace kwalliya ka ɗora wa bidiyon, musamman mai goge dishi-dishi ko mai hana girgiza? Sannan a wurin fitarwa, zagaye ɗaya ka zaɓa ko zagaye biyu? Ka kuma buɗe Task Manager, tagar Windows mai nuna aikin da kowane sashen kwamfuta yake yi, a lokacin da rendar take gudana, ka gaya mana wanne ne ya cika: firosesa, ram, faifai, ko sashen hoto.

Bitrus_SabonTasha

Na gode, Injiniya. Kyamarar tana ɗaukar 1080p da hoto 25 a daƙiƙa, wayar kuma 4K da hoto 60. Layin tacewa ya bi girman wayar, wato 4K, kuma da shi nake fitarwa domin an ce YouTube ya fi mutunta shi. Ina sa mai goge dishi-dishi a kan bidiyon kyamarar gaba ɗaya saboda hasken cikin majami'a bai wadata ba. Ina fitarwa da zagaye biyu, tare da kunna zaɓin inganci mafi girma. Firosesa yana tsayawa a kashi 100 cikin 100, ram ya kusa cika, sashen hoto kuwa kusan ba ya motsi.

Injiniya_Kakuri

To, a nan dare yake ƙarewa. Bari mu yi lissafi. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 sau 2160, na 1080p kuma 1920 sau 1080, wato na farkon ya ninka na biyun sau 4. Awa 3 da hoto 25 a daƙiƙa hotuna 270,000 ne, amma da hoto 60 sun zama 648,000. Idan ka haɗa biyun, kana sa wannan ƙaramin laftof ya sarrafa ɗigon da ya kusa ninka abin da kake bukata sau 10, alhali babbar kyamararka, wadda take ɗauke da fasto daga farkon wa'azi zuwa ƙarshe, ba ta taɓa ɗaukar 4K ba. Kumbura hotonta kawai kake yi, ba ka ƙara masa komai.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. A cikin firosesan Intel, tun daga 2011, akwai wani sashe da ake kira Quick Sync wanda ba shi da wani aiki sai warware bidiyo da matse shi, kuma naka na ƙarni na 8 yana iya yin haka da tsarin matse bidiyo na H.264 da H.265. Premiere yana amfani da shi idan ka zaɓi matsewa ta na'ura a maimakon ta manhaja, amma wannan zaɓi ba ya aiki tare da zagaye biyu. Da zarar ka zaɓi zagaye biyu, aikin gaba ɗaya ya koma kan firosesa, kuma zai bi bidiyon daga farko zuwa ƙarshe har sau biyu. Shi ya sa ka ga sashen hoto yana zaune ba ya yin komai.

Shawarata ita ce ka buɗe layin tacewa a 1080p da hoto 25, ka fitar da H.264 zagaye ɗaya ta na'ura, ka kuma kashe zaɓin inganci mafi girma, domin amfaninsa yana fitowa ne a wurin sauya girman hoto, kuma bai cancanci lokacin da yake ci a kan bidiyon sujada ba.

Yohanna_Narayi

Ban ƙi lissafin Injiniya ba, amma ina ganin ana kewaye gaskiya. Adobe da kansu suna ba da shawarar ram giga 16 domin aikin 1080p, giga 32 kuma domin 4K; giga 8 shi ne mafi ƙarancin abin da suka ce manhajar tana bukata. Laftof na ofis ba a yi shi domin ya yi awanni yana renda kowane mako ba. Ikilisiyar da ta iya sayen miksa da lasifika da majigi za ta iya tara kuɗin kwamfutar tebur mai katin hoto na NVIDIA, ko da na hannu ne, kamar GTX 1650 ko 1660. Tun 2020 Premiere yake amfani da sashen matse bidiyo na waɗannan katuna. Sau da yawa kwamiti yana cewa babu kuɗi ne domin ba a taɓa nuna masa a rubuce abin da jinkirin yake jawowa ba.

Ishaku_UngwanRomi

Ni shawarata firoksi ce. Ka sa manhajar ta yi ƙananan kwafin bidiyon, ka yi aiki da su, komai zai yi sauri.

Injiniya_Kakuri

Ɗan'uwa Ishaku, firoksi tana da amfani, amma ba ga wannan ciwon ba. Tana sa tacewa ta yi laushi, bidiyo ya daina tsayawa idan kana ja gaba da baya. A lokacin fitarwa kuwa manhajar takan koma kan ainihin manyan fayilolin, don haka rendar ba za ta ragu ba, kuma yin firoksin ma yana cin nasa lokacin. Bitrus ya ce tacewa ba ita ce damuwarsa ba.

Game da maganar Yohanna, idan har za a sayi kati, a kula sosai: ba kowane katin NVIDIA ne yake da sashen matse bidiyon ba. GT 1030 ba shi da shi, kuma irin su MX150 da ake samu a laftof da yawa su ma haka. Mutum zai iya biyan kuɗi saboda sunan da ke kan kwali ya dawo gida bai ƙaru da komai a wurin renda ba.

Saratu_Barnawa

Ina so in yi tambayar da ba a yi ba tukuna: me ya sa ake rendar awa 3 ɗin gaba ɗaya? A wurinmu mun lura cewa abin da ake nema da gaggawa shi ne wa'azi, kuma wa'azi kyamara ɗaya ce a kafe tana kallon mutum ɗaya na kimanin minti 45. Babu abin da ake yi masa sai yanke farko da ƙarshe. Akwai manhaja kyauta mai suna LosslessCut wadda take yanke bidiyo ba tare da ta sake matse shi ba, kwafe ɓangaren da ka zaɓa kawai take yi zuwa sabon fayil, don haka saurinta saurin faifanka ne. Sake rendar bidiyon da ba a sauya masa komai ba kamar mayar da garin da aka riga aka niƙa cikin injin niƙa ne: an ƙona mai, kuma garin bai fi da kyau ba. A gaskiya ma kowace sabuwar matsewa tana ɗan rage inganci.

Sharaɗin kawai shi ne sautin miksa ya shiga kyamarar kai tsaye da waya a lokacin ɗauka, domin kada a bukaci haɗa shi daga baya. Sannan yankan ba ya faɗawa daidai inda kake so koyaushe. Kyamara ba ta ajiye cikakken hoto sai jefi-jefi, tsakaninsu bambanci kawai take rubutawa, don haka manhajar takan yanke a kan cikakken hoto mafi kusa, sai a sami ƙarin daƙiƙa ɗaya ko biyu a farko. Ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi a kan haka ba.

Dattijo_Television

'Yata Saratu, na ji bayaninki kuma yana da ma'ana, amma ina roƙon kada a mai da sujada wa'azi kaɗai. Ni nake zagayawa gaida marasa lafiya na ikilisiyarmu, kuma abin da na gani shi ne tsohuwar da ba ta iya fita, ba wa'azi take fara tambaya ba. Tana so ta ji zumuntar mata da ta yi shekaru tana waƙa a cikinta, ta ga wanda aka yi wa baftisma, ta ji sanarwar aure da ta rasuwa. Idan kuka aika mata da fasto shi kaɗai, kun aika mata da darasi, ba ku kai mata taron jama'arta ba. Ban san aikin kwamfuta ba, amma duk hanyar da za ku bi, ku bar mana waƙoƙin.

Saratu_Barnawa

Baba, ban ce a zubar da su ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi shi ne a raba aikin biyu: wa'azi ya fita da yammacin Lahadi domin ba ya bukatar renda, waƙoƙi da sauran sassan kuma, inda ake sauyawa tsakanin kyamara biyu, a tace su a fitar ranar Litinin ko Talata. Da an cire minti 45 na wa'azi da kuma lokacin da ake jira tsakanin sashe da sashe, abin da zai rage wa laftof ɗin ya ragu ƙwarai.

Dattijo_Television

Idan haka ne ba ni da ja, sai dai ku tabbata Talatar ba ta zama Asabar ba.

Auwal_TudunWada

Assalamu alaikum. Ni ba a coci nake aiki ba, tafsirin watan Ramadan da walimar aure nake ɗauka, amma matsalarmu ɗaya ce, tawa ma ta fi tsanani, domin tafsiri kullum ake yinsa har wata ya ƙare, kuma wanda bai fitar da na yau ba kafin a zauna na gobe, aiki ya riga ya taru masa. Abin da ya cece ni shi ne na daina tacewa bayan taro, na koma tacewa a lokacin taro.

Ina haɗa kyamarorin da laftof, ina buɗe OBS Studio, wadda kyauta ce, ina shirya fuska uku ko huɗu tun kafin a fara: malami shi kaɗai, mai jan baƙi, jama'a, da allon suna. Yayin da ake karatu ina danna wadda ta dace, manhajar kuma tana matse bidiyon nan take da wannan Quick Sync ɗin da Injiniya ya ambata. Ana shafa addu'a, fayil ya riga ya kammala. Ku da kuke da tsarin sujada a rubuce tun kafin Lahadi, ku kuka fi ni sauƙi, domin kun san lokacin da mawaƙa za su tashi da lokacin da fasto zai hau.

Gargaɗi ɗaya: ku sa OBS ta ajiye fayil a tsarin MKV. Idan wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta mutu ana tsakiyar ɗauka, fayil ɗin MP4 na gargajiya yakan lalace gaba ɗaya domin sai a ƙarshe ake rubuta masa bayanin da ake buɗe shi da shi, MKV kuwa yana riƙe abin da aka ɗauka har zuwa lokacin. A cikin OBS ɗin akwai wurin mayar da MKV zuwa MP4 ba tare da renda ba. Masu hali sukan sayi ƙaramar na'urar sauya kyamara irin ATEM Mini, mai mashigar HDMI guda 4, amma da ɗan katin ɗaukar hoto na USB ma ana farawa.

Bitrus_SabonTasha

Wa alaikumus salam, Malam Auwal, na gode ƙwarai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne idan mai dannawa ya yi kuskure, misali ya bar kyamara a kan mawaƙa bayan fasto ya fara magana, babu gyara ke nan?

Auwal_TudunWada

Akwai, idan ka bar kowace kyamara tana ɗauka a katinta a lokaci guda. Sai ka gyara wannan ɗan wurin kawai. Amma ka saba da barin ƙananan kurakurai su wuce, domin masu kallo sun zo sauraro ne, matuƙar sauti yana fita da kyau.

Yohanna_Narayi

Malam Auwal ya kawo hanya mai kyau, amma a lura cewa ita ma tana komawa kan maganata. Laftof mai ram giga 8 da zai karɓi kyamara biyu, ya haɗa su, ya matse, ya rubuta a kan faifai mai juyawa har awa 3 ba tsayawa, in ya gaza a tsakiyar sujada babu damar a ce fasto ya maimaita. Renda idan ta lalace ana sake ta, ɗauka kai tsaye ba a sake ta. Ni ba zan ɗora wa wannan na'urar irin wannan amana ba sai an ƙarfafa ta.

Haruna_MaiGyara

Ni gyaran kwamfuta nake yi, kuma ina so in shiga tsakanin Yohanna da Injiniya, domin akwai abin da ke tsakanin sayen sabuwa da barin tsohuwa yadda take. Laftof na hannu da yawa da ake kawo mini ana cewa sun tsufa, ba tsufa ba ne, zafi ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, sannan zafin Maris da Afrilu na Kaduna ya zo ya same shi a haka. Firosesa idan ya kusa kai iyakar zafinsa, da kansa yake rage gudu domin kada ya ƙone. Za ka ga rendar ta fara da sauri, bayan ɗan lokaci kuma adadin awannin da suka rage ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa. A buɗe shi a share, a sauya man, a ɗaga bayansa daga kan tebur, kada kuma a ajiye shi a kan katifa ko kujera mai laushi a tafi barci.

Na biyu, laftof a kan batir ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Idan an ɗauke wuta rendar ba ta tsaya ba, ta dai koma tafiyar hawainiya har batir ya ƙare. A riƙa yi da caja a jone, a sa tsarin wutar Windows a kan mafi ƙarfi. Idan majami'a tana barin janareta ko inbata a kunne domin taron yamma, wannan ne lokacin renda, ba tsakar dare a gida ba.

Na uku, idan akwai ɗan kuɗi kaɗan, a sa SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, a ƙara ram. Faifai mai juyawa yakan karanta abin da bai wuce mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa ba, SSD na SATA kuwa yana kai wa kusan 500. Gaskiya SSD ba shi ne zai rage rendar da rabi ba, domin ba karatun fayil ne ya fi cin lokaci ba, amma idan ram ya cika Windows takan ari wuri a kan faifai, a nan ne mai juyawa yake durƙusar da komai. Idan za a ƙara ram, a sa sanda biyu masu girma ɗaya, 8 da 8, domin sashen hoto na Intel ba shi da ma'ajiyar kansa, da ram yake aiki, kuma sanda biyu suna ba shi hanya biyu.

MamanTabita

Sannunku da ƙoƙari. Ni mai kallo ce kawai, kuma ni nake tura wa'azi ga mahaifiyata da ke Zonkwa. Ko kun gama rendar da wuri, idan fayil ɗin ya yi nauyi ba ya buɗuwa a wayarta, kuma data tana ƙarewa kafin a kai rabin wa'azi. Shin ba za a iya fitar da murya kaɗai ba?

Saratu_Barnawa

Ana iyawa, Mama, kuma shi ne aiki mafi sauƙi a cikinsu duka. Wa'azin minti 45 a MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa bai wuce mega 22 ba, yana tafiya ta WhatsApp ba wahala, kuma manhajar tace sauti ta Audacity tana fitar da shi cikin ɗan lokaci ko a kan tsohuwar kwamfuta.

Tambayarki ta tuna mini da rabin matsalar da ba mu taɓa ba, wato ɗorawa. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa domin 1080p mai hoto 25 ko 30, megabit 5 domin 720p, 4K kuma daga 35 zuwa 45. Da megabit 8, sujadar awa 3 za ta kai kusan giga 11, wa'azi shi kaɗai kuma giga 2.7. Idan intanet ɗinka yana ɗorawa da megabit 5 a daƙiƙa, giga 11 ɗin nan zai ci kusan awa 5. Ɗan'uwa Bitrus da yake fitar da 4K, ku lissafa da kanku. Kuma tunda hoton wa'azi ba ya motsi sosai, ana iya sauka ƙasa da 8 ba tare da ido ya lura ba. Wannan ne ma raunin shawarata ta farko: fayil ɗin da LosslessCut ta yanke yana nan da nauyin da kyamara ta ba shi, wanda sau da yawa ya ninka na YouTube, don haka lokacin da aka tsira da shi a renda ana iya biyansa a ɗorawa. Maganinsa shi ne a rage nauyin ɗauka a cikin kyamarar tun farko, ko a bi da yankakken wa'azin ta manhajar matse bidiyo ta HandBrake da Quick Sync, wanda ya fi rendar cikakken aiki sauri nesa ba kusa ba.

Injiniya_Kakuri

Tunda an ambaci HandBrake, akwai wani abu game da wayar. Wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hoto ɗaya a daƙiƙa, suna ragewa suna ƙarawa gwargwadon haske da zafi. A bidiyon minti 2 ba a lura, amma a na awa 3 sai ka ga bakin mawaƙa ya rabu da sautin miksa. HandBrake tana iya daidaita adadin ta kuma rage girman zuwa 1080p a tafiya ɗaya. Mafi alheri dai a saita wayar a 1080p tun kafin sujada, hakan zai kuma rage mata zafi da cin wuri. Idan tana ba da damar hoto 25 a zaɓe shi, ya dace da kyamarar, ya kuma dace da wutar Najeriya mai bugu 50 a daƙiƙa. Ɗauka da 30 ko 60 a ƙarƙashin wasu fitilu shi yake kawo wannan walƙiyar da ake gani tana bin hoto.

Na koma kan mai goge dishi-dishi, domin ina zargin bayan 4K shi ne ya fi cinye lokacin Bitrus. Irin wannan kwalliya tana kwatanta kowane hoto da na gabansa da na bayansa kafin ta yanke hukunci a kan kowane ɗigo, kuma matsewa ta na'ura ba ta rage wannan nauyin, domin kafin a kai ga matsewa ake yinsa. Dishi-dishin kuwa daga ƙarancin haske yake fitowa. Fitilu biyu masu kyau da aka kafa suna haska bagadi daga gaba za su yi abin da kwalliyar take ƙoƙarin yi, kuma sau ɗaya ake sayensu.

Dattijo_Television

Fitila abu ne da kwamiti zai fahimta, domin kowa zai gan ta da idonsa. Ku rubuta shi da kuɗin SSD da na ram a takarda ɗaya, ku ba sakataren ikilisiya kafin zaman dattawa.

Bitrus_SabonTasha

Na dawo da rahoto. Na ɗauki aikin Lahadin da ta wuce na sake gina shi a 1080p da hoto 25, na cire mai goge dishi-dishi, na fitar da zagaye ɗaya ta na'ura da megabit 8. Na sa shi bayan sujadar yamma ana kan janareta, ya gama kafin a rufe majami'a. A Task Manager na ga sashen hoto yana aiki a karon farko. A waya ban ga bambanci da na da ba, amma a babban talabijin dishi-dishin yana bayyana a kan labulen da ke bayan bagadi, kuma ɗaya daga cikin matasanmu ya lura da shi. Ban gwada hanyar Malam Auwal ba tukuna domin ba mu da katin ɗaukar hoto. Muryar wa'azi kuwa na tura wa zumuntar mata, Maman Tabita, sun karɓa da murna.

Yohanna_Narayi

Na taya ka murna, amma wannan Lahadi ce ta yau da kullum. Disamba tana zuwa da daren waƙoƙin Kirsimeti, da sujadar godiya ta kaka, da ta shiga sabuwar shekara, inda za a ari kyamara ta uku, a kashe fitilu a kunna kyandir, kowace ƙungiya kuma ta nemi a yanke mata waƙarta daban da sunanta a rubuce. A wannan dare fitilun bagadi ba za su taimaka ba, kuma dole mai goge dishi-dishi ya dawo. Ina nan a kan bakata cewa a fara tara kuɗin kwamfutar tebur tun yanzu.

Haruna_MaiGyara

Kafin Disamba dai a share fankar, domin lokacin ne ƙura take sauka.

Ishaku_UngwanRomi

Ina da tambaya ga 'yar'uwa Saratu. Mu muna sa ɗan gajeren bidiyo mai sunan ikilisiya da ayar ranar a farkon kowane wa'azi. Na gwada haɗa shi da yankakken wa'azin a LosslessCut, sai ta yi gargaɗi cewa fayilolin ba su dace da juna ba, abin da ya fito kuma sautinsa ya ɓace bayan gabatarwar.

Saratu_Barnawa

Haɗawa ba tare da renda ba tana bukatar fayilolin biyu su zama iri ɗaya ta kowace fuska: tsarin matsewa, girman hoto, adadin hoto a daƙiƙa, da tsarin sautin ma. Gabatarwar da aka yi a wata manhaja da wuya ta dace da abin da kyamara ta rubuta. Mu mun daina sa ta a cikin bidiyon, muna rubuta sunan mai wa'azi da ayar a hoton bango da kuma bayanin da ke ƙarƙashinsa a YouTube. Idan fastonku ya nace sai an gan ta a ciki, ka buɗe fayilolin biyu da manhajar MediaInfo mai nuna bayanan fayil ka turo mana abin da ta nuna game da sautin kowanne, mu ga ko nan ne kawai suka saɓa.